Wane zurfi ake bukata a harshen kwamfuta kafin a ce mutum ya iya aiki da shi?

Ɗalibin Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata magana da ta raba kan abokan karatuna gida biyu, ni kuma na rasa ɓangaren da zan bi. Ina karatun kimiyyar kwamfuta, kuma harshen da hannuna ya fi faɗawa a kansa shi ne Python. Na gina wata ƙaramar manhaja da Django, kayan aikin gina shafukan intanet da Python, wadda makarantar Islamiyyar unguwarmu take ajiye sunayen ɗalibai da bayanan kuɗin makaranta a cikinta, kuma tana aiki ba tare da an kawo mini ƙara ba. Sai dai akwai sassa da yawa na harshen da ban taɓa leƙawa ba, wasu abubuwan kuma ina rubuta su ne don na ga haka ake rubutawa, ba don na san dalilinsu ba.

Ɓangare ɗaya na abokaina suna cewa abin da na sani ya wadatar, domin masu ɗaukar aiki sun fi son wanda ya taɓa harsuna da yawa, saboda haka in wuce zuwa JavaScript, daga nan in kama wani. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa wanda bai karanta ƙa'idojin harshensa daga bango zuwa bango ba bai cancanci a kira shi mai rubuta manhaja ba, kwaikwayo kawai yake yi. Tambayata ita ce, har ina ya kamata mutum ya zurfafa a harshe ɗaya kafin a ce ya iya aiki da shi yadda ya dace, kuma da wace alama zai gane cewa ya kai wurin? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai Furfura ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu shiga gardamar abokanka, ina so ka buɗe manhajar makarantar nan ka duba irin lambar da kake ajiye kuɗi da ita. Idan ka yi amfani da lamba mai ɗigo, wato `float` a Python ko `FloatField` a Django, to tuni ka taka wurin da ake bukatar zurfin sani, ko da yake har yanzu babu wanda ya kawo ƙara. Rubuta `0.1 + 0.2` a Python, za ka ga amsar ta fito `0.30000000000000004`. Haka lissafin yake a Java da JavaScript da C, domin dukkansu suna bin ƙa'idar IEEE 754 da aka fitar a 1985, wadda take ajiye lamba da sifili da ɗaya. A wannan tsarin kashi ɗaya cikin goma ba shi da ƙarshe, sai kwamfuta ta yanke shi a inda wuri ya ƙare mata. Bambancin bai taka kara ya karya ba a lissafi ɗaya, amma ranar da manhajar ta tara biyan da uba ya yi kaɗan-kaɗan, sannan ta gwada ko jimlar ta yi daidai da abin da ake binsa, tana iya cewa da saura alhali ya biya duka. Magani shi ne a ajiye kuɗi a kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko a yi amfani da `Decimal`, kuma wannan ne dalilin da ya sa kamfanin Paystack, mai harkar biyan kuɗi ta intanet, yake karɓar adadin kuɗi a kwabo, naira 5,000 ta zama 500000. Ka kuma gwada `round(2.5)` da `round(3.5)`: na farko zai ba ka 2, na biyu ya ba ka 4, saboda Python 3 yana karkata rabi zuwa lambar da take rabuwa biyu daidai, ba zuwa sama kullum ba kamar yadda aka koya mana a firamare.

Akwai kuma abubuwan da suke kama da lamba amma ba lambar lissafi ba ne. Lambar waya da ta fara da 080, ko lambar asusun banki mai alƙaluma 10 da ta fara da sifili, idan aka ajiye ta a matsayin cikakkiyar lamba sifilin farko ɓacewa yake yi. Lambar NIN da ta BVN kuwa alƙaluma 11 ne kowacce, alhali mafi girman abin da `int` na Java yake ɗauka shi ne 2,147,483,647, wanda alƙaluma 10 ne. Python ba shi da wannan iyaka, amma rumbun bayanan da yake zuba wa abin yana da ita. Duk abin da ba za a tara shi ko a ɗebe daga cikinsa ba, rubutu ne, a matsayin rubutu kuma ake ajiye shi.

Rubutun ma yana da nasa ramukan, kuma mu masu rubuta Hausa mun fi Bature saurin faɗawa cikinsu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu yana cin baiti biyu (baiti ma'aunin wurin ajiya ne a kwamfuta) a UTF-8, tsarin da ake ajiye rubutu da shi, alhali b da d da k baiti ɗaya-ɗaya suke ci. Idan ka tambayi Python 3 tsawon kalmar «ƙasa» zai ce 4, domin haruffa yake ƙirgawa, amma `len` na harshen Go da `strlen` na harshen PHP za su ce 5, domin baiti suke ƙirgawa, kuma wanda ya yanke suna a tsakiyar irin wannan harafi zai ga wata baƙuwar alama ta fito a takardar sakamako. Sannan idan ka jera sunaye da `sorted` ba tare da wani ƙarin umarni ba, duk sunan da ya fara da Ɗ zai koma bayan wanda ya fara da Z, saboda lambar da Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ya ba harafin ta fi ta Z girma. Malamin da yake neman ɗalibi a rajista zai ɗauka an manta da yaron ne.

Abu na ƙarshe da zan ambata shi ne yadda harshe yake riƙe abubuwa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A Python, idan `a` jeri ne ka rubuta `b = a`, ba ka samu jeri biyu ba, jeri ɗaya ne mai suna biyu, abin da ka canza ta wannan sunan zai bayyana ta wancan. Haka nan idan ka rubuta `def rajista(suna, jeri=[])`, wannan jerin sau ɗaya ake ƙirƙirarsa, lokacin da Python ya fara karanta umarnin, saboda haka kiran da za a yi gobe zai tarar da sunayen da kiran yau ya bari a ciki.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne babu ɗaya daga cikinsu da yake sa manhaja ta tsaya ta yi ƙorafi. Kuskuren da yake fito da jan rubutu a allo mai sauƙi ne, domin shi da kansa yake nuna maka layin da za ka gyara. Wanda ake tsoro shi ne wanda harshen zai karɓa ya yi shiru, ya ba da amsar da ba ita ba ce. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira, kuma a ganina wuraren bugun kowane harshe su ne lamba, da rubutu, da yadda ake rabon abu ɗaya tsakanin sassan manhaja, da abin da yake faruwa idan aiki ya lalace a tsakiya. A nan sai ka nutsa har ƙasa. Su `metaclass` da makamantansu kuwa, ka san dai suna nan, ka bar su sai ranar da aiki ya kai ka.

Hajiya Mai Rumbun Bayanai ta amsa:

Injiniya, Allah ya ƙara sani, ban ƙi ko ɗaya daga cikin misalanka ba, amma ina tsoron kada yaron nan ya karanta su ya ajiye aiki ya koma farautar tarkunan harshe. Ɗana, maganar abokanka na biyu ba ta da tushe a yadda ake aiki na gaskiya. Kundin ƙa'idojin C++ ya haura shafi 1,500, kuma tun daga 2011 ake fitar da sabo duk bayan shekara uku. JavaScript yana samun sabuwar ƙa'ida kowace shekara tun 2015, Python ma kowace shekara yake fitowa da sabon zubi, shi ya sa `match` da ake gani yanzu bai wanzu ba kafin Python 3.10 na 2021. Wanda ya ce sai ya haddace harshe duka kafin ya fara aiki, kafin ya kai bangon ƙarshe an sake wa littafin shafuka.

Manyan ma'aikatu ma da gangan suke taƙaita abin da suke amfani da shi. Ƙa'idar rubuta C++ ta kamfanin Google ta hana ma'aikatansa amfani da `throw` da `catch`, duk da cewa suna cikin ginshiƙan harshen. Masu ƙera motoci sun fitar da ƙa'idar MISRA C tun 1998, wadda ta ware sassan harshen C da ba a yarda a taɓa su ba a manhajar da take sarrafa mota. Gerard Holzmann na cibiyar JPL ta hukumar NASA ya tsara dokoki goma a 2006 don manhajar da rayuka ko dukiya mai yawa suka rataya a kanta, ciki har da hana wani sashe na manhaja ya riƙa kiran kansa da kansa. Waɗannan mutane sun san harsunansu ciki da bai, kuma sanin ne ya sa suka zaɓi yin aiki da ɗan abin da kowa a cikin tawaga zai karanta ya fahimta.

Abin da na fi gani yana kayar da sababbin ma'aikata yana wajen harshen ne. Ka ɗauki manhajarka ta Django. Idan shafin da yake nuna ɗalibai yana ɗauko sunan ajin kowane yaro a cikin zagaye, wato ɗaya bayan ɗaya, to ga ɗalibai 500 zai aika wa rumbun bayanai tambaya 501, alhali `select_related` zai mayar da su tambaya ɗaya. Duk zurfinka a Python ba zai nuna maka wannan ba, sai ka san SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ka kuma duba abin da Django yake aikawa a madadinka. Haka batun wanda zai cusa umarnin ɓarna ta akwatin rubuta suna, da batun adana kwafin bayanai kafin kwamfutar makaranta ta mutu, da iya Git, manhajar da take adana tarihin canje-canjen rubutu, don aiki tare da wasu. Lokacinka ƙayyadadde ne, kuma sa'ar da ka kashe a wani lungun harshe da ba za ka shiga ba, daga waɗannan ka ɗebe ta.

Alamar da ka tambaya kuwa, ni da karatu nake auna ta. Rubutu yana yaudara, domin mutum da abin da ya riga ya sani kawai yake rubutawa, ba ya cin karo da jahilcinsa. Ka buɗe ainihin rubutun Django a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu, ka zaɓi wani sashe da kake amfani da shi kullum, ka bi shi layi-layi. Idan kana gane mafi yawansa, abin da ya shige maka duhu kuma ka san sunan da za ka neme shi da shi, to ka iya harshen gwargwadon da za a ba ka aiki.

Malamin Kwaleji ya amsa:

Ina ganin Injiniya da Hajiya duk sun yi gaskiya, sai dai kowannensu yana magana ne daga irin aikin da ya saba, kuma amsar tana canzawa idan harshe ya canza. Yawan kalmomin da harshe ya keɓe wa kansa ba ya nuna wahalarsa. C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajajen 1972, kalmomi 32 kacal ya keɓe a ƙa'idarsa ta 1989, Python na yau kuma yana da 35, amma ɗan sani a Python yana kai mutum nesa, ɗan sani a C kuwa hatsari ne. Dalili shi ne Python yana kula da ƙwaƙwalwar kwamfuta a madadinka, idan ka nemi abu na goma a jerin da yake da biyar zai tsaya ya faɗa maka. C ba ya dubawa, zai miƙo maka duk abin da ya tarar a wurin.

Irin wannan ne ya haifar da ɓarakar Heartbleed da aka bayyana a watan Afrilun 2014 a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet suke dogara da ita wajen ɓoye bayanai. An manta a duba ko tsawon saƙon da mai aikawa ya faɗa ya yi daidai da abin da ya aiko, sai ya zama kowa yana iya kwasar har kilobaiti 64 na abin da yake cikin ƙwaƙwalwar uwar garke, wato kwamfutar da take riƙe da shafin, a kowace tambaya, wanda zai iya haɗawa da kalmomin sirri na mutane, kuma ɓarakar ta kai kimanin shekara biyu a buɗe. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na matsalolin tsaro da yake gyarawa a kayansa daga kurakuran ƙwaƙwalwa suke fitowa. Wannan na cikin abin da ya sa harshen Rust, wanda zubinsa na 1.0 ya fito a 2015, yake ƙin karɓar rubutunka tun farko idan bai gamsu da yadda kake rabon ƙwaƙwalwa ba. Shi Rust a bakin ƙofa yake karɓar kuɗin zurfin, C kuwa bashi yake ba ka.

Amma kada a ɗauka zurfi a harshe shi kaɗai yana tsare mutum. A ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin sakan 40 bayan tashinta daga Kourou, saboda an zuba wata lamba mai bit 64 a mazubin bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Injiniyoyin sun san Ada, harshen da aka rubuta manhajar rokar da shi, sarai, sun kuma san ana iya sa kariya a wurin. Sun bar shi ne da gangan domin lissafinsu ya nuna lambar ba za ta kai haka ba a Ariane 4, sai aka ɗauki manhajar aka ɗora wa sabuwar roka mai tafiya daban. Haka a 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa hanyar bincike ta raba jeri biyu da shi da kansa ya rubuta a cikin Java ta ɗauki kusan shekara tara da kuskure a layin `(low + high) / 2`, wanda ba ya bayyana sai jerin ya haura abu biliyan ɗaya. Saboda haka nake gaya wa ɗalibaina su fara tambayar abin da zai lalace idan sun yi kuskure, kuma wa zai ɗauki asarar. Mai rubuta ɗan umarnin da zai sake wa hotuna suna a kwamfutarsa ba ya bukatar abin da mai rubuta manhajar banki ko ta asibiti yake bukata. Manhajarka tana riƙe da kuɗin iyaye, don haka a batun lamba ina bayan Injiniya ba tare da ragi ba.

Ɗalibin Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na fahimci cewa akwai wuraren da zan nutsa da waɗanda zan ɗage, kuma zan fara da duba yadda aka ajiye kuɗi da lambobin waya a manhajar. Saura abu biyu da nake son ƙarin haske a kansu. Yaushe ya dace in kama harshe na biyu, tunda aikin shafin intanet ba ya yiwuwa ba tare da JavaScript ba? Sannan yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke rubuta wa mutum umarni cikin ƙiftawar ido, anya zurfin da ake magana bai rage muhimmanci ba?

Hajiya Mai Rumbun Bayanai ta sake amsawa:

Ɗana, JavaScript ka kama shi yanzu, tunda aikin da ke hannunka yana nemansa, ba sai ka jira wata shaida ba. Sharaɗin kawai shi ne kada ka shiga da zaton cewa Python ne aka sake wa tufafi. Tambayoyin da Injiniya ya jero su za ka fara yi masa, kuma za ka ga amsoshinsa daban. A Python idan ka haɗa rubutun `"5"` da lambar `1` zai ƙi, ya tsaya. A JavaScript `"5" + 1` zai ba ka `"51"`, `"5" - 1` kuma ya ba ka `4`, duk ba tare da ƙorafi ba, kuma ka tuna cewa duk abin da mutum ya shigar a akwatin fom a matsayin rubutu yake isowa. Idan ka jera `[5, 100, 20]` da `sort()` kai tsaye za ka samu `[100, 20, 5]`, domin a matsayin rubutu yake gwada su. Brendan Eich ya haɗa zubin farko na harshen ne cikin kwana goma a kamfanin Netscape a 1995, kuma da yawa daga cikin waɗannan halaye an bar su ne don kada tsofaffin shafuka su lalace. Mako kaɗan sun isa ka san su, ka saba da `===` maimakon `==`, ka kuma koyi yadda `async` da `await` suke jiran amsa daga intanet, domin a nan ne harshen ya fi bambanta da abin da ka saba. Harshe na biyu yana kuma fito maka da na farko fili, domin sai ka ga wata hanya kafin ka gane cewa abin da ka ɗauka dokar kwamfuta ce zaɓin Python ne kawai.

Game da manhajojin da suke rubuta umarni, ina amfani da su a wurin aiki, kuma sun rage mini wahalar tuna sunayen abubuwa da tsarin rubutu, wato daidai ɓangaren da dama ba shi ne zurfi ba. Abin da suka ƙara shi ne yawan rubutun da ba kai ka yi ba wanda dole ka karanta ka sa hannu a kansa. Suna iya miƙo maka umarni mai tsabta wanda ya ajiye kuɗi da `float`, ko wanda ya rufe kowane kuskure da `except: pass` don kada manhaja ta tsaya, sai biyan kuɗi ya gaza shiga rumbun bayanai ba wanda ya sani. Idan ka karɓi irin wannan rubutu, ka gwada shi da sunan da ya fara da Ƙ, da lambar waya mai sifili a gaba, da biyan naira 1,250 da kwabo 50 sau uku, sannan ka katse intanet a tsakiyar aikawa ka duba abin da ya shiga rajista da abin da bai shiga ba.